Layi Biyu da Ban Faɗa wa Anti Kaltume Ba

Anti Kaltume ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a bakin famfo ina wanke kofunan shayi. Umma ce ta fito daga ɗaki da waya a hannu, ta tsaya a kaina har sai da na ɗago.

Ta ce, "Rumaisa, sai haƙuri. Malamarku ta kwamfuta. Da asuba."

Na ce, "Umma, ai jiya aka ce da sauƙi."

Ta ce, "Sauƙin ke nan, 'yar nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ba na dogon rubutu. Hoton furanni nake sawa, ko gajimare idan hadari ya haɗu ta gabas, ko ɗan layin da ya taɓa min zuciya a littafin da nake karantawa. Yau ku yi haƙuri da ni. Akwai abin da na ɓoye wa matar nan har ta bar duniya, kuma idan ban faɗe shi ba ban san inda zan sa kaina ba.

Ga wanda bai san ta ba: ita ce mai shagon koyar da kwamfuta na 'yan mata a Yerimaram, mai shuɗiyar ƙofa, daf da inda masu keke mai ƙafa uku suke lodin kasuwa. Doguwa, mai tabarau, kullum da alli ko maka, alƙalamin nan na rubutu a allo, a hannu. Bangizima ce, yarenta Ngizimanci, Hausarta tana da wani lanƙwasa da mu 'ya'yan Kanawa muke danne dariya idan mun ji. Ta sani sarai. Sai ta juyo ta ce, "Ku yi dariyarku. Ni yare huɗu nake ji. Ku fa, 'yan ɗaya tal?"

Abba ne ya kai ni wurinta bayan na gama sakandare. Ya ce ya gaji da ganina kwance da littattafan soyayya, ina murmushi ni kaɗai kamar mai aljanu.

Ranar farko ta kama ni da littafi a ƙarƙashin kibod.

Na zaci kora ce. Ta ɗauke shi, ta juya bayansa ta karanta, ta ɗaga tabarau ta dube ni. Ta ce, "A ƙarshe dai zai aure ta, ko?"

Na ce, "Ban kai ba, Anti."

Ta miƙo min abina. "To idan kin kai ki zo ki faɗa min, kada ki bar ni da zullumi."

Tun daga ranar ta sa min suna Mai Littafi.

Ba ta taɓa tashe ni a gaban aji in amsa tambaya ba. Ta gane cewa idan idanu suka yi min yawa, harshena mutuwa yake. Sai ta bari kowa ya duƙufa a kan aikinsa, ta jawo kujera kusa da ni, ta tambaye ni a hankali kamar muna gulma.

Duk Laraba, ranar da gari yake cika da tireloli da 'yan kasuwar shanu, ba ta yarda mu hau keke mu kaɗai. Sai ta fito da kanta ta leƙa fuskar direba, ta ce, "Ɗan wane ne kai? To ka kai su har ƙofar gida, na riƙe lambarka." Wani lokacin ba ta ma duba lambar ba.

Da ta gano ina rubuta nawa labarin a ɓoye, a wani tsohon littafin lissafi, ba ta ce in kawo ta gani ba. Cewa ta yi, "Da shi za ki koyi buga rubutu. Ba zan karanta ba sai ranar da kika ce in karanta." Kuma ba ta karanta ba. Ko da ta zo wucewa ta bayana, kawar da kai take yi.

Yanzu sai in ba ku labarin Tsohuwa, don ba za ku gane laifina ba sai da ita.

Tsohuwa wata tsohuwar kwamfuta ce a ƙarƙashin teburin Anti. Tsarin da take aiki da shi Linux ne, shi ma tsoho, irin wanda baƙin allo ne da farin rubutu. Ba a kashe ta, dare da rana tana kan batirin sola, tana wani gurnani kamar mage. Bayan diskin da take tashi da shi, akwai wasu biyu na ajiyar bayanai a cikinta, kuma Anti ta raɗa musu suna.

Babban shi ne Gida. A nan ayyukanmu na ɗalibai suke.

Ƙaramin shi ne Kaka.

Shekara da shekaru, duk Asabar ɗin da ta samu sarari, Anti takan ɗauki 'yar na'urar naɗar murya ta shiga ƙauyuka, wajen Fika, wajen Damagum, ta zauna da tsofaffin mata. Waƙar niƙa, waƙar reno, tatsuniya, yadda ake kuka idan an kai amarya, da Ngizimanci da Karai-Karai da Bolanci. Duk abin da ta naɗo, a cikin Kaka yake. Da yawa daga cikin matan nan sun rasu. Har da kakarta ta wajen uwa, wadda suke kira Inna.

Da akwai wani diskin da take ajiye kwafi, ya mutu da zafin bazarar nan. Tana ta cewa za ta samo wani.

Sati biyu da suka wuce ta ciro wani ɗan diski daga wata matacciyar laftof ta ce nawa ne, in riƙa ajiye labarina. Ta sa shi a cikin Tsohuwa, ta ba ni kalmar sirri, ta buɗe min wani fayil mai suna fstab. Ɗan gajeren fayil ne, bai fi tafin hannu ba. Kowane layi diski ɗaya: ga sunansa, ga inda za a zaunar da shi idan kwamfuta ta farka.

Ta ce, "Ƙara naki a ƙasa, ki kwaikwayi na sama." Sai wata mata ta yi sallama a waje, ta fita.

Na ƙara nawa. Daidai na yi shi.

Da ma na tsaya a nan.

Amma sai na tsaya ina kallon jerin. Gida a sama, Kaka a ƙasansa. Abin ya tsaya min a rai. A gidanmu ba a zuba wa kowa abinci sai an zuba wa Hajiya, kakarmu. Ko katin biki ne, sunan manya ne a sama. Ta yaya duk tsofaffin nan za su zauna a ƙarƙashin aikin 'yan aji, su wasiƙar neman aiki da jadawalin girki? Na yanke layin Kaka na ɗora shi a saman Gida. Na adana.

Ba abin da ya faru. Tsohuwa ta ci gaba da gurnaninta.

Wallahi har daɗi na ji. A keke ina ta saƙawa a raina yadda wata rana za ta buɗe ta gani, ta yi shiru, ta cire tabarau ta ce yarinyar nan tana da hankali. Haka nake. Komai sai na mayar da shi babin littafi.

Juma'ar da ta wuce ita ce ganina da ita na ƙarshe.

An tashi, ana yayyafi, sauran sun tafi. Ta ce, "Mai Littafi, tsaya ruwan ya ɗan tsagaita, in nuna miki wani abu." Ta zana murabba'i babba a allo, ta zana ƙarami a cikinsa.

Ta ce, "Wannan Gida. Wannan ɗan ƙaramin, ɗakin Kaka. Kin ga a ina ɗakin yake?"

Na ce, "A cikin Gida."

"Yawwa. To fayil ɗin nan da na nuna miki, Tsohuwa ba ta duba shi sai lokacin da ta farka. Kuma ba ta da wayon sababbin nan da suke gane wa ya dogara da wa. Ita daga sama take karantawa, layi bayan layi, kamar 'yar aji ɗaya. Idan ta tarar da Kaka kafin Gida, sai ta nemi ɗakin da za ta zaunar da ita. Babu, don gidan ma bai zo ba tukuna. Sai ta bar ta ta wuce. Gida ya zo daga baya, ke kuma ki buɗe ɗakin Kaka ki ga wayam."

Na saci kallon ƙarƙashin tebur, inda Tsohuwa take gurnani.

Na ce, "Sun ɓata ke nan, Anti?"

"Ba su ɓata ba. Tana nan tsaye a bakin ƙofa da kayanta, ba wanda ya shigo da ita. Amma wanda bai sani ba zai ce ta mutu. Kuma daga nan ake yin ɓarnar, garin gyara."

Ta rufe maka. Ta zauna a gefen tebur tana kallona.

"Akwai abin da kike so ki tambaya?"

"Babu, Anti."

"Ko wanda kike so ki faɗa?"

Ina kallon igiyar takalmina. Na ce a raina, ran Litinin zan zo da wuri, in mayar da shi, ba wanda zai sani.

Na ce, "Babu."

Ta miƙe ta ɗauki makulli. Sannan ta ce, "To shi ke nan. Sai Litinin."

Ta kulle shagon, ta saya min dafaffiyar gyaɗa a bakin titi. Muna jiran keke, da yake nakan gutsura mata labarina da baki, ta ce, "Jarumin naki har yanzu bai faɗa mata ba?"

Na ce, "Ina babi na sha huɗu, Anti. Bai faɗa ba."

Ta yi dariya har tabarau ya zamo. "Haba! Ki sa shi ya buɗe baki mana. Yarinyar nan ba za ta dawwama a bakin rijiya tana jiransa ba."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan, baki da baki.

Asabar ta tafi wani ƙauye gaba da Fika, wurin wata tsohuwa da aka ce tana da waƙoƙin daɓe. Lahadi a hanyar dawowa tayar motarsu ta fashe a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Aka kawo ta asibitin garin nan, daga nan aka wuce da ita Damaturu. Aka ce haƙarƙari ne da ƙafa. Aka ce tana magana, har tana tsokanar masu jinya.

Kun dai ga yadda garin nan ya yi tun Lahadi. Ruwa, hadari, ruwa. Rana ba ta fito ba sai yau.

Zan faɗi abin kunya. Malamata tana gadon asibiti, ni kuma ina kallon sama ina tunanin batir. Na san idan aka yi kwana biyu ba rana, zai ƙare. Tsohuwa za ta mutu. Kuma duk wanda ya kunna ta, za ta karanta abin da na rubuta.

Sau huɗu na rubuta mata saƙo. "Anti, akwai abin da na yi." In goge. "Anti, don Allah kada ki yi fushi." In goge. In ce ba ta da lafiya, ba yanzu ba. Ƙarya nake wa kaina, tsoro ne kawai. Abin da na tura a ƙarshe shi ne, "Anti ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi."

Ta amsa ran Talata. "Amin, Mai Littafi."

Yau Alhamis.

Bayan azahar, an dawo daga kai ta, muka je gaisuwa ni da Umma. Tsakar gidan cike da mata, tabarma har bakin madafa. Mahaifiyarta, Iya, tana jingine da bango da carbi a hannu, idonta a bushe. Na durƙusa na ce, "Iya, ya haƙuri?" Ban jin ta ji ni ma. Na koma bayan Umma na ɓuya.

Wata maƙwabciya tana cewa, ai Kaltume ta bar abin da ba zai mutu ba, ko muryoyin tsofaffin nan kaɗai sun ishe ta sadaka mai gudana. Mata suna ta cewa haka ne, haka ne.

Daidai nan ƙanin Anti ya shigo ɗaukar kulolin abinci na maza. Yaya Bukar, mai gyaran waya a kasuwa. Ya ji maganar, ya tsaya da kula a hannu.

Ya ce, "Iya, ban so in faɗa yau ba. Abin nan fa ya tafi."

Iya ta ce, "Mene ne ya tafi?"

"Muryoyin. Ran Talata Yaya Kaltume ta aike ni in duba mata shago ko ruwa ya shiga. Na tarar kwamfutar a kashe. Na jona ta da janareta na kunna, na buɗe inda ta ce, ba ko ɗaya. Fayau."

Ya ajiye kular, ya sa hannu a aljihun kaftani, ya ciro wani abu a naɗe cikin baƙar leda.

Na gane shi tun bai kwance ba. Kaka ce. A aljihu.

Ya ce, "Na cire shi na sa a laftof ɗina, ta ce ba ta gane shi ba sai an yi fomat. Saura kaɗan in danna aka kira ni daga asibiti. Amma akwai abokina a kasuwa, ya ce a yi fomat ɗin kawai, daga baya yana da manhajar da take tono abin da ta samu. Gobe da safe zan kai masa. Ko kaɗan ne a samu."

Ban san abubuwa da yawa ba. Amma na san laftof ɗinsa ba ta jin yaren diskin ne kawai, shi ya sa ta ce haka. Kuma na san abin da fomat yake nufi. Share allo ne.

Iya ta ce, "Har da ta Inna?"

"Har da ita, Iya."

Matar da tun safe aka ce ba ta zubar da hawaye ba, sai ta saki carbin. Ta ce, "Kaltume ta tafi, Inna ma ta sake tafiya." Ta faɗi sauran da Ngizimanci, ban ji ba, amma matan da suka ji duk suka fashe da kuka.

Yaya Bukar ya mayar da ledar aljihu, ya ɗauki kularsa, ya juya.

Ku da kuka san ni a makaranta kun san ko sunana aka kira a layi sai na yi kamar in nutse. Mata sun fi arba'in a gidan nan. A littattafan da nake karantawa, a irin wannan wurin jaruma takan miƙe tsaye, murya a dake, kowa ya yi tsit. Ni ko miƙewa ban iya ba.

Daga zaune na ce, "Kada a yi fomat."

Ba wanda ya ji sai Umma. Ta juyo ta zaro min ido.

Ya kai bakin zaure.

Na ce, "Yaya, kada a yi fomat!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Har kaza ta tashi daga kan turmi.

Ya juyo. "Wa ya yi magana?"

Umma ta mintsine ni a cinya. "Ke, gidan rasuwa ne fa."

Na ce, "Ni ce. Suna nan, ba su ɓata ba. Ni na ɓata jerin. Na ɗaga Kaka sama da Gida, ban faɗa wa Anti ba." Ina faɗa ina kuka, na san ba wanda ya gane ko kalma ɗaya. Wata tsohuwa a gefena ta ce, "Wace kakar ta ɗaga? 'Yar wa ce wannan?"

Yaya Bukar ya dawo a hankali. Ya tsaya a kaina.

"Ke ce Rumaisa?"

Na ɗaga kai.

Ya ce, "Da na koma asibiti na faɗa mata babu komai a ciki, na zaci za ta tashi hankalinta. Dariya ta yi, har ciwon ya motsa aka kira nas. Ta ce in mayar da shi inda na ɗauko, a bar wa Rumaisa. Na ɗauka zafin ciwo ne. Ina ni ina barin aikin shekaru a hannun 'yar aji?"

Iya ta share fuska da bakin mayafi. Ta ce, "Bukar, ba ta makulli."

"Iya, yau fa? Mutane suna ta zuwa."

"Yau. Wa ya ba ka gobe?"

Bayan la'asar muka je, ni da Umma da shi. Ya buɗe shuɗiyar ƙofar. Kofin shayinta yana kan tebur da cokali a ciki. Zanen Juma'a yana kan allo, babban murabba'i da ƙarami, ba wanda ya goge.

Rana ta ɗan fito yau, batir ya samu abin da ya samu. Yaya Bukar ya durƙusa ya mayar da diskin mazauninsa. Hannunsa yana da kyau a aiki, ko ƙusa ɗaya bai bari ba. Ya kunna, ya ja baya, ya ce, "Bismillah, malama." Ba da gatse ya faɗa ba.

Sau biyu ina kuskuren kalmar sirri kafin ta shiga.

Na buɗe fstab.

Anti ta taɓa gaya mana cewa duk layin da aka fara da alamar nan mai kama da tsani, kwamfuta tsallake shi take yi. Na mutane ne, saƙo ne ga wanda zai zo bayanka. A saman layin Kaka, inda na ɗora shi, akwai irinsu biyu da ba ni na rubuta ba.

# Mai Littafi, na gani tun ranar. Niyyarki mai kyau ce.
# Ke kika ɗaga ta, ke za ki mayar da ita. Ina jira ki faɗa min da bakinki.

Ashe ta sani.

Ran Juma'ar nan da ta tsayar da ni, ba ruwa take jira ya tsagaita ba. Ni take jira. Ta zana min, ta tambaye ni, ta sake tambayata, ta saya min gyaɗa. Ni kuma ina kallon igiyar takalmi.

Umma ta ce, "Mene ne? Ya lalace ne?"

Na yanke layin Kaka, na mayar da shi ƙarƙashin Gida. Na duba sau uku. Na adana. Na ce wa Tsohuwa ta kwanta ta sake tashi.

Fararen rubutu suna ta gudu a baƙin allo. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Yaya Bukar yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Na shiga Gida. Na buɗe ɗakin Kaka.

Sunaye suka zubo har suka wuce ƙasan allo. Sunan mace, sunan ƙauyenta. Sunan mace, sunan ƙauyenta.

Yaya Bukar ya nuna ɗaya da yatsa. "Wannan. Inna."

Na kunna.

Mun shirya jin tsohuwa. Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, wanda ya naɗi murya shi yake fara magana.

"To, Inna, mun fara. Ki matso kusa kaɗan." Sai ƙarar dutsen niƙa, sai wata siririyar murya ta ɗauki waƙa. Can sai kukan akuya. Sai Anti ta fashe da dariyar nan tata. "Inna, tsaya, tsaya. Akuyarki ta shiga tarihi. Mu sake daga farko."

Yaya Bukar ya fita waje da sauri. Ina jiyo shi ta taga.

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Kowane fayil haka yake. Ita ce a farkonsa, tana gaisuwa, tana tsokana, tana cewa a matso kusa. Saura danna ɗaya a laftof da duk sun tafi, har da ita. Saboda ni.

Kada ku ce min ai komai ya yi kyau. Bai yi ba. Har yanzu kwafi ɗaya ne tak a duniya, a cikin tsohuwar kwamfuta mai gurnani. Yaya Bukar ya ce gobe, maimakon wurin abokinsa, zai nemo wani diskin mu kwafe, kuma ba zai taɓa komai ba sai ina wurin. Ban san wa zai buɗe shagon ran Litinin ba. Ban san wa zai leƙa fuskar mai keke ran Laraba ba. Labarina da ta ce ba za ta karanta ba sai na ce, ban taɓa cewa ba.

Kuma na faɗa da bakina, eh. A gaban mata arba'in. Amma ita ce ta ce tana jira, daga Juma'a har asubar yau.

Kafin mu kulle shagon na sake buɗe fayil ɗin. Ban goge layukanta ba, ba zan taɓa gogewa ba. A ƙarƙashinsu na sa alamar tsanin nan, na ƙara nawa.

# Anti, ni ce. Ki yafe min.

Tsohuwa za ta tsallake shi duk ranar da ta farka. Na sani.

Idan a cikinku akwai wanda Anti Kaltume ta taɓa zuwa ƙauyensu ta zauna da kakarsa, ku sani muryar tana nan lafiya. Ku faɗa a gida.

Ya Allah, baiwarka Kaltume ta zo gare ka. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi. Yadda ta rufa min asiri ba ta kunyata ni a gaban kowa ba, ka rufa mata asiri ranar da ba mai rufawa sai kai. Yadda ta zauna a ƙasa gaban tsofaffi tana sauraronsu, ka zaunar da ita a Aljannar Firdausi. Ka ba Iya da Yaya Bukar juriyar wannan rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, kada ya wuce da alamar hawaye kawai. Ka tsaya ka karanta mata Ƙulhuwallahu, ka ambaci sunanta a sujjadarka ta gaba.

Ni ma ku sa ni a ciki. Ku roƙa min Allah ya sa ta yafe min.